Wutar da Ba Ta San Maƙeri Ba

Da sunan Allah nake farawa, Mai tsaron matafiyi da wanda aka bari gida.

Zuwa ga ɗana Dogo, gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ina fatan takardar nan ta iske ka a Yamai tun jirginku bai tashi ba. Allah Ya kai ka ƙasar Faransa lafiya, Ya sauke ka lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da sharrin abin da ido ke gani da wanda ba ya gani.

Ba labarin gari zan ba ka ba. Dakoro tana nan inda ka bar ta, kuma in gero ya yi ko bai yi ba, gwaggonka Tani za ta sa a rubuta maka. Ni maganar da na kasa yi a tasha ce ta zaunar da ni. Ka gan ni ran nan, na tsaya ina duban tayar kamyo kamar ni aka ba gyaranta, har mota ta tashi ban ce maka kome ba sai "Allah Ya kiyaye hanya". Kai ɗan fari ne, haka aka raine mu, ko sunanka na yanka ban taɓa kira ba. To, takarda ba ta da ido, ba ta jin kunya. Ka yi haƙuri da ajamina, hannun da ya saba da guduma alƙalami yana shan wuya a cikinsa.

Maganar ƙanwarka Zuwera ce, da abin da nake tsoron na bar mata a jiki. Duk inda na kewaya a takardar nan, can zan dawo. Amma sai na bi ta kaina tukuna, don ka san inda na taka ƙaya.

Ka tuna ranar da ka zo hutu ka shigo maƙera da butali, ƴar kwalba, naɗe cikin tsumma? Na ɗauka magani ka kawo mini. Da ka buɗe sai ga ƴan ƙudaje ƙanana masu jan ido, irin masu bin ruɓaɓɓen mangwaro. Na yi dariya har na saki zuga-zugi. Na ce, kowa ɗansa ya je lakwal ya yi boko ya dawo yana rubutu a ofishin kumandan, nawa ya dawo makiyayin ƙuda. Ba ka yi fushi ba. Ka tsuguna, ka tsinci ƙusoshi daga ƙasa, ka jera su a kan uwar maƙera.

"Baba, duba nan," ka ce. "Kowace halitta cikin irinta akwai wasu zarurruka da ido ba ya gani sai da madubin likita. Rabi daga uwa, rabi daga uba. Su ka ɗaukar kama da hali su kai ma ɗiya."

Ka faɗi sunansu da Faransanci, koromozom ko me, ni dai zare na riƙe. Ka aje dogayen ƙusoshi biyu ka ce wannan mace ce. Ka aje doguwa ɗaya da gajeruwa ɗaya ka ce wannan namiji ne. Uwa doguwa kaɗai gare ta, ita take bayarwa. Uba ne mai iri biyu: in ya ba da doguwa a haifi mace, in ya ba da gajeruwa a haifi namiji. Na ce ashe matan da ake kora don haihuwar mata zaluntarsu ake yi. Ka ce ƙwarai.

Har nan hira ce mai daɗi. Sai na tambaye ka aikin da za ka koyo a Faransa, ka ce akwai wani haske da Nasara ke tarawa cikin tukunyar darma, ba a ganinsa, ba ya da zafi, amma yana ratsa nama ya tsinka zaren nan. In an ba namijin ƙudan tsando da yawa sai ya zama ba ya haihuwa, a sake shi daji ya cika matan da ƙwai marar amfani, har irin ya ragu, shanu su huta da sammore. In kuwa kaɗan aka ba shi, kamar yadda malaminku ya nuna muku da ƴan ƙudajen butali, to abin yana ɓoyewa.

"Shi uban ba ka ganin kome gare shi," ka ce. "Tashi yake, yana barbara. Doguwar tashi ce ta yi rauni, kuma ɗiyanshi mata yaka ba ta. Su ma lahiya lau suka hitowa, don doguwar uwa ta ruhe aibin. Sai su sun tashi haihuwa abin ke hita. Cikin ɗiyansu maza, wanda duk ya gaji doguwar kakan, ba shi da ta biyu da za ta ruhe mishi. Cikin ƙwai yaka mutuwa."

Daidai nan Zuwera ta shigo da ƙwaryar fura a kai, tana tafiyar nan tata ta ƴan shekara shida masu ganin sun girma. Ka ɗaga kai ka dube ta, ka yi maza ka mayar da ido kan ƙusoshi. Ni kuwa na gani. Na ce, "Mutum hwa?" Ka ce, "Baba, ƙuda daban, mutum daban. Ba a sani ba tukuna." Ka tashi ka ce za ka gaida liman, alhali tare muka gaishe shi da safe.

Tun daga ranar ban ƙara cin tuwo na ji daɗinsa ba.

Ka san na je arewa, amma kana lakwal a Maraɗi lokacin, abin da ka sani guntu ne. Bayan samun mulkin kai da kaɗan damina ta yi mana gardama, manomi bai sayi kalme ba, maƙeri ya zauna yana korar ƙuda. Sai ga wani mutum a kasuwa yana neman lebura. Aka loda mu a kamyo, muka wuce Agadas, muka yi ta tafiya har ƙasar da ko tsuntsu ba ya ratsawa, gindin wani baƙin dutse. Tuta ta sake a ƙasashe, amma can sojan Nasara na nan, suna haƙa rami cikin dutsen. Da suka ji ni maƙeri ne sai suka ba ni wasa diga da gyaran baro.

Ga kuskurena na fari. Ka san gidanmu. Kakanka yana lasar ƙarfen da ya yi ja a wuta ranar salla, ya rataya sarƙa mai wuta a wuya yana rawa, mata na guɗa. Ni ma na yi, kai ma tun kana cikin zanen goyo aka ɗura maka maganin wuta. Mun tashi da cewa wuta ta san mu, ba ta cin maƙeri. To, da muka isa sai aka raba mana wani ɗan baƙin abu kamar laya, a maƙala a riga. Tafinta ya ce abin da za a tayar cikin dutsen nan wata irin wuta ce, kuma wannan yana auna wadda ta shiga jikin mutum. Da na ji kalmar wuta sai hankalina ya kwanta. Na ce su ba masu tsoro, ni da tawa layar tun ta kakana. Na rataye tasu a sandar tanti. Har yau ba wanda ya san yawan abin da ya shige ni, sai dai a je a tambayi sandar tanti.

Ranar da suka tayar da abin, ƙasa ta motsa ƙarƙashinmu, dutsen ya yi fari fat da ƙura, sai wani hayaƙi baƙi da ja ya ɓullo ta gefe. Ko ba a faɗa maka ba ka san ba haka aka shirya ba, don na ga manyan Nasara masu galo a kafaɗa suna gudu ba wanda ya jira wani. Suka tuɓe tsirara suna ta gurzar jiki da sabulu. Aka ce mu ma mu wanke. Na tsaya ina kallonsu ina ƙyalƙyala dariya, ƙura na sauka a kaina, ina cewa ga masu mulkin duniya suna tsoron hayaƙi. Alwala kaɗai na yi, da azahar.

Saboda haka ka ji ni da kyau. Maganin da aka ɗura maka na wutar gawayi ne. Waccan wutar ba ta san kakanka ba, ba ta jin kirari, ba ta tambayar ɗan wa ne. Na san ka yi boko, za ka ce ba ka yarda da irin wannan ba. Ƙarya kake, Dogo. Na gan ka kana ɗaukar garwashi da yatsa kana kunna fitila, kana satar kallon ko an gani. Jinin yana nan. Ranar da aiki zai yi yawa, wani ya ce a miƙa hannu a gyara abu da sauri ba sai an rufe tukunyar ba, jinin nan zai ce maka kai ne za ka iya. Kada ka miƙa. Abin da suka ce ka rataya, ka rataya. Inda suka ce ka tsaya bayan darma, ka tsaya, ko ana yi maka dariya. Duk rayuwata ina raina darma, ƙarfen da yaro ke lanƙwasawa da haƙori, ashe shi kaɗai ne ke tare abin da ya fi ƙarfin gidanmu.

Kuskure na biyu ya fi na fari, don shi an gargaɗe ni.

A tantinmu akwai wani Buzu, Agali, mutumin dajin arewa da mu, mai raƙuma ne kafin fari ya cinye su. Ka san tsakaninmu da Buzaye wasa ne tun kaka da kakanni. Ya ce ni bawansa ne, na ce shi nawa ne. Ya ɓoye mini takalmi, na zuba masa gishiri a shayi. Shi ya sa zaman wurin ya yiwu gare ni. Bayan tashin abin nan aka kewaye wani fili da waya mai ƙaya, aka kafa allo da zanen ƙoƙon kan mutum. A cikin filin kuwa ga wayar jan ƙarfe jibge, kaurinta ya kai babban yatsa, an watsar kamar ba ta da mai ita. Kai ɗan maƙeri ne, ka san abin da wannan ke yi wa zuciya. Mu da muke tsintar tsohuwar ƙusa a hanya mu sa aljihu.

Agali ya ga inda idona ke zuwa. Ya ce, "Maƙeri, aje wasa. Kada ka taɓa ƙarhen can. Mutanen da ke kiwo gabas da dutse sun ce gashin raƙumansu na zuba, awaki na zubda ciki."

Na ce, "Buzu, tsoron wuta gadonku ne. Da wuta na cin maƙeri, wa zai ƙera maka takobin da kake hwankama da shi?"

Sai ya yi abin da ban taɓa ganin Buzu ya yi gaban mutane ba. Ya sauke amawalinsa, bakinsa ya fito fili, ya ce, "Sanda, dubi bakina. Ba wasa nike ba."

Da ina da hankali, nan ya isa. Amma shekara da shekaru duk abin da ya fito bakin Buzu wasa na ɗauke shi, kunnena bai san wata hanyar jinsa ba. Na ce ya mayar da rawaninsa kada ƙuda ya faɗa ciki. Da rana tsaka, lokacin da Nasara ke kwanciyarsu, na ratsa ƙarƙashin waya. Na taɓa ƙarfen da bayan hannu, na kai shi kunci kamar yadda muke gwada ƙarfe. Ba abin da na ji sai ɗumin rana. Na ce ina wutar? Na sara iya abin da zan iya ɗauka, na naɗe shi a ƙugu ƙarƙashin riga don kada masu gadi su gani. Haka na yi ta yawo da shi a jikina har aka sallame mu, haka na zo da shi Dakoro. An ce ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu. Ni ban mutu ba, da ma ni kaɗai abin ya tsaya wa.

Agali bai ƙara yi mini wasa ba har muka rabu. A lokacin na ɗauka fushi ne.

Inda za ka, za ka haɗu da mutane iri-iri, wanda kake girmamawa da wanda kake rainawa da wanda kuke zolayar juna. Gargaɗi ba ya zaɓen bakin da zai fito. In mai shara ya ce maka kada ka shiga ɗakin can yau, ka tsaya ka tambayi dalili. In abokin wasanka ya daina dariya, kai ma ka daina. Kuma abin da aka yar, ka tambayi abin da ya sa aka yar da shi. Nasara ba ya zubar da jan ƙarfe don alheri.

Yanzu na zo inda alƙalamin ke yi mini nauyi.

Ni maƙerin baƙin ƙarfe ne, amma na zauna na narke wayar nan na yi mundaye, ban taɓa yin aiki mai kyansu ba. Na ba innarka huɗu. Sauran suka tafi hannun matan da suka ci kasuwa, Fulani da Buzaye da na ƙauye, ban san inda suke ba yau, kuma wannan ma yana cikin abin da zan amsa. Innarka ta sa su ta yi ta juya hannu a rana. Ba ta cire su ko wajen daka, wai tana son ƙararsu. A lokacin gashina yana zuba, dasashina yana jini in na yi asuwaki. Na danna hula na ce zazzaɓin Sahara ne.

Aka haifi Zuwera lafiya, ƙatuwa, mai kuka kamar ana yanka ta. Na ce ka gani, ina abin da Buzu ke tsoro? Bayanta ciki ya zube. Na bayansa ya zo namiji, bai yi numfashi ba. Nan gwaggonka Tani ta same ni a maƙera ta ce, "Sanda, matag ga wabi ya kama ta. A nemi magani tun da wuri." Ba da mugunta ta faɗa ba, abin da kowa ke faɗa ne. Kafin wata ya ƙare, sunan ya bi innarka har bakin rijiya. Mata masu ciki suka rage zama kusa da ita.

Na kai ta wurin mai magani a Ajekoriya. Ya ce wai ta taɓa zuba ruwan zafi da magariba ta ƙona ɗiyan iskoki. Ta ce ƙila ta yi, ba ta tuna ba. Aka ba ta saiwoyi masu ɗaci ta sha har ta rame, aka turara ta cikin bargo har ta suma. Muka je wani a Birnin Lalle, shi ma ya samo nata laifin. Duk inda muka je ita ake tambaya me ta taka, me ta tsallake, wa ta zaga. Ba wanda ya taɓa juyowa ya ce, kai maigida, ina ka je, me ka taɓa? Ni kuma ban ce ba. Ban zage ta ba, ban yi mata gori ba, Allah shaida ne. Shiru na yi, irin shirun mutumin da aka cuta yana haƙuri. Da zagin na yi da ya fi mata sauƙi, da ta samu abin ramawa.

Kada ka ce ban sani ba. Maganar Agali ta awaki masu zubar da ciki ta sha zo mini, ina bugun ƙarfe sai in ji ta. In ta zo sai in ƙara wa guduma ƙarfi.

Cikin na ƙarshe ka san yadda ya ƙare, an aiko maka Yamai. Abin da ba ka sani ba shi ne abin da ta faɗa. Da hantsi ne, ungozoma ta fito ta ce in shiga, an riga an naɗe yaron an aje gefe. Innarka ta kama hannuna, mundayen suna zamewa har gwiwar hannunta don rama. Ta ce, "Maigida, ka yahe mini. Na kasa riƙe maka ɗiyanka maza."

Na ce, "Na yahe miki."

Dogo, na yi ashar a rayuwata, na yi rantsuwa a kan ƙarfen da na san ba shi da kyau, amma ban taɓa furta magana mai muni kamar wannan ba. Ta saki ajiyar zuciya, ta ji daɗi, ta tafi tana ganin an yi mata alheri. Ni ya kamata in durƙusa. Yanzu in na je kabarinta nakan buɗe baki in rasa ta inda zan fara, don wanda za a roƙa ya riga ya tafi da laifin a kansa.

Na san za ka gaya mini mata na ɓari ko'ina, har waɗanda mazansu ba su taɓa wuce Kornaka ba, kuma ba wanda zai iya rantsewa cewa daga ni ne ko daga mundayen. Na ji. Allah ne Masani. Amma ko da ba ni ba ne, ban da hurumin karɓar wannan roƙon. In Allah Ya ba ka mata, kuma wani abu ya samu haihuwarku, ka fara da kanka. Kai ka kai kanka gidan likita kafin a kai ta wurin kowa. In mutane sun ɗora mata suna, kada ka yi shiru ka ce ai ba kai ka faɗa ba. Kuma duk wanda ya ce ka yafe masa, ka tsaya ka duba tukuna ko akwai abin yafewa, kada daɗin zama mai haƙuri ya ruɗe ka.

Mundayen, Tani ta adana su cikin tukunya wai gadon Zuwera. Bayan tafiyarka na karɓe su. Ta yi ta faɗa, ta ce na haukace, zan hana marainiya abin uwarta. Na hau jaki na yi arewa, na sami wani tudu nesa da rijiya da hanyar shanu, na haƙa rami har ƙirjina na binne su. Ban sa alama ba.

Wani abu kuma, ƙarami. Ƙudajen nan da za ka riƙa sa wa haske, ban hana ka ba. Na ga abin da sammore ke yi wa garken da ya gangara kudu, na ga Bafillace ya zauna kan gawar saniya yana kuka. Aikin alheri ne. Amma da kake ba ni labari ka yi dariya, ka ce namijin yana fita daga tukunya yana ta fankama, bai san an gama da shi ba, macen kuma sau ɗaya take yarda da namiji, sai ta ƙare kwananta tana jiran abin da ba zai zo ba. Ni ma na taya ka dariya a ranar. Daga baya na daina. Ka yi aikinka, amma ka yi bisimilla kafin ka rufe tukunyar, kuma kada ka yi musu dariya. Ka san wani a gidanku da ya fito haka yana fankama.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Wani ƙulli ya fito mini a wuya tun bara, na ɓoye maka shi da rawani. Guduma tana yi mini nauyi kafin azahar. Na je Maraɗi gidan likita, lokotoro ya tattaɓa ni, ya yi mini magana da ladabin da ya wuce kima, har ya raka ni bakin ƙofa. Na gane. Ba na jin zan ga dawowarka, balle auren Zuwera. Kada ka bar karatu ka taho, in ka yi haka ban yafe ba. Zamanka can ya fi mini amfani da zamanka a gefen tabarmata.

Ka koyi abin nan har ƙarshensa. Ka tambayi manyanku, ba na ƙuda kaɗai ba, na mutum. Kada kunya ta hana ka cewa ubanka ne, ka gaya musu duk abin da na rubuta, ƙurar da wayar da ƙugun. In akwai awon da ake yi wa yarinya a gane, ka nemo shi. Doguwar da na ba ta ita kaɗai gare ni, ban da wata da zan musanya mata.

In ya tabbata ba kome, ka rufe bakinka, ka bar ta ta yi zamanta ba ta san an taɓa jin tsoro dominta ba. In kuwa akwai, ko aka kasa sani, to kai ne waliyyinta. Ko za ka faɗa wa mai nemanta tun kafin a ɗaura, ko za ka jira, wannan na kasa yankewa. Na juya shi ta kowane gefe kamar ƙarfe a wuta, bai yi laushi ba. Tani ta ce in aka ji, ba mai aurenta, kuma za a ce gidan maƙera wuta ta ci su, mu zama abin dariya a kasuwa. Tana da gaskiyarta. Na bar maka, kai za ka fi ni sani lokacin.

Amma abu ɗaya ban bar wa shawararka ba, umarni ne. Ranar da Zuwera za ta haifi namiji a naɗe shi a aje gefe, Allah Ya sa kada ranar ta zo, dangin miji za su taru, wata tsohuwa za ta buɗe baki ta ce wabi. Za a fara tambayarta me ta taka. Ko kana ina, ka zo. Ka tsaya tsakar gidan, gaban surukai da maƙwabta, ka ce ba ita ba ce. Ka ce ubanta ne, Sanda maƙeri na Dakoro, ya shiga inda aka hana shi, ya ɗauko abin da aka ce kada ya taɓa. Ka faɗa da ƙarfi yadda na bayan danga za su ji. Kada ka bari ta sha ɗaci ko na kwana ɗaya, kada ka bari ta roƙi kowa gafara. Kada ka tausaya wa sunana. Lokacin ina ƙasa, ba abin da zan ji. Ita ce za ta ji.

Gwaggonka tana gaishe ka, ta ce ka riƙe salla, kuma kada ka ci abin da ba ka san yankansa ba. Zuwera ma tana gaishe ka. Ga ta nan bakin maƙera tun ɗazu, ta goya totuwar masara da tsohon kallabi tana jijjigawa. Na ce mata, "Wanga ɗa naki, mace ko namiji?" Ta ce, "Namiji ne, Baba. In ya girma shi za ya yi maka zuga." Na ce to Allah Ya raya. Ta ce in rage bugun ƙarfe, yanzu ta samu ya yi kwana.

Na aje guduma.

Allah Ya tsare ka a tafiya da zama, Ya tsare ƙugunka da zuriyarka, Ya mayar da kai gida da ƙafafunka. Allah Ya jiƙan innarka, Ya gaya mata abin da na kasa gaya mata. Allah Ya raya Zuwera, Ya raya abin da za ta goya. Amin.

Ni ne ubanka,
Sanda maƙeri, Dakoro.